Zamzam ɗin Iya

Asabar ɗin farko ta hutun Disamba, shekarar da na shiga aji huɗu a lakwal, wato makarantar boko, kakata Iya ta tashe ni cikin sanyin nan mai sa haƙora kaɗawa, ta naɗe ni da tsohon zanenta, ta danƙa mini wata 'yar kwalba. Ta ce in na fasa ta aurenmu ya mutu, don ita "maigida" take ce mini. Kowa a gidanmu na unguwar Ridina a N'Djamena ya san kwalbar nan. Zamzam ne da wata maƙwabciya ta kawo mata tsaraba, ta ɓoye a ƙasan akwati don a yayyafa wa likkafaninta. Ko ciwon ido muke yi ba ta ba da ɗigo. Kai, Iya akwai rowa!

Logon Birni muka nufa, ni da ita da Baba. Can mahaifiyarta ta rasu a hanyar Makka tun Iya na ƙarama, ayari ya binne ta ya yi gaba, su kuma tafiyarsu ta ƙare a N'Djamena. Idanun Iya sun fara dushewa, ta rantse sai ta ga kabarin kafin su rufe.

Ni dai yawo ya kai ni. Muka haye gada zuwa Kusuri, muka cushe a bayan mota da buhunan albasa. Da muka isa Logon Birni, garin ya tafi da ni: tsofaffin soraye na laka, kwale-kwalen 'yan ƙabilar Kotoko jere a bakin ruwa, mata na shanya kifin salanga a kan tabarmi. Kafin la'asar na yi abokai, muna langa a rairayi, muna gasa ƙananan kifaye a wutar kara, kwalba na ɗaure a ƙuguna.

Washegari Iya ta shige gaba da sandarta. Alamarta tsamiya ce a bayan ganuwa. Muka yi ta zagaye har ƙafafuna suka yi tsami, ba tsamiya ba dalilinta. Wani tsohon masunci mai ɗinkin koma ya saurari Baba da Larabci, sannan ya nuna tsakiyar kogi. Ya ce ruwa ya cinye gaɓar tun yana saurayi, da bishiyar da maƙabartar duka.

Iya ta dogara da sandarta tana fuskantar inda ya nuna. Wallahi tausayinta ya kama ni har na fara hawaye. Can ta ce a kai ta wurin. Tsohon ya tuƙa mu, da muka isa ta ce, "Maigida, buɗe." Baba ya tuna mata da likkafani. Ta ce, "Ita uwata ta fito neman zamzam da ƙafarta, ni har ɗaki aka kawo mini." Ta tsiyaye shi tas a ruwa tana addu'a.

A hanyar komowa ta tambayi inda kogin ya nufa. Masuncin ya ce N'Djamena, can yake haɗuwa da Shari. Iya ta yi dariya, ta ce ashe duk shekarun nan uwarta ta bayan gida take wucewa ba ta sani ba.

Ranar da Iya ta rasu, ni Baba ya miƙa wa kwalbar. Na gangara Shari na ciko ta, da shi aka yayyafa wa likkafanin. Yanzu alhazai jarka-jarka suke sauko da zamzam daga jirgi, ko a ɗakina akwai, yarana na sha ba mai hana su. Amma duk sanyin Disamba sai na je bakin kogi na ɗan zauna. Ina kewar matata.