Kunyar 'Yar Fari

Ina tsintar shinkafa a tsakar gida na ji ƙarar wasu abubuwa suna zubewa a kan siminti, suna gangarawa. Carbin Baba ne ya tsinke a hannun Inna. Tun da ya rasu ita ke riƙe da shi, zaren ya tsufa. Na shiga ɗakinta na durƙusa ina tattara 'ya'yan carbin daga ƙarƙashin gado, ita kuma ta kalli bango ta ce carbin nan ya girmi duk wanda aka haifa a gidan. Ban san inda Baba ya samo shi ba. Da na tsaya na yi tunani, sai na ga ban san yadda suka haɗu da Inna ba, ban ma san sunan kakata ta wajen uwa ba.

A makon nan na sayo littafin rubutu mai kauri. Niyyata in rubuta tarihin iyayena, musamman yadda suka riƙe addini, in kai a buga ko da kwafi kaɗan ne, kowane ɗaki a zuriyarmu ya samu. Maigidana ya ce sadaka ce mai gudana, in yi.

Abin da ya tare ni shi ne, ni ce 'yar fari. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta taɓa zama hira da ni ba. 'Yar garin Keana ce, 'yar ƙabilar Alago, dangin masu dafa gishiri, ba a Musulunci ta tashi ba. Da ta shigo gidan su Baba a Lafia, gidan fatake masu asali a Kano, duk idon dangin miji yana kanta, ana jira a ga ko baƙuwa za ta iya kunya. Sai ta riƙe kunyar fiye da masu ita. Ana yaye ni aka ba goggona ni, a can na girma. Ko da ciwon hawan jini ya sa ta yarda da ƙyar ta dawo gidana saboda kusa da asibiti, in tana son ruwa sai ta ce, "A ce wa waccan ta kawo ruwa," ina tsaye a gabanta.

Duk da haka na gwada. Bayan la'asar na shimfiɗa tabarma kusa da ita, na buɗe littafin, na ce ina so ta ba ni labarin ƙuruciyarta. Ta gyara mayafi, ta juya fuska.

"Ki tambayi goggonki," ta ce.

Goggo ta daɗe da rasuwa, kuma Inna ta sani.

Na kira ƙanwata da ke aure a Jos, don ita autar ce, har kwanciya take yi a cinyar Inna. Ta yi dariya, ta ce ai hirarsu ba ta wuce tsadar manja da bikin wane da wance, amma in ta zo da sallah za ta zaunar da ita. Sallah ta zo, ba ta samu zuwa ba.

Wadda Inna ke sakin baki da ita 'yata ce ƙarama, takwararta, da ke aji uku a firamare. Tana dawowa daga Islamiyya za ta faɗa ɗakin, su fara tsokanar juna. Inna ta ce mata mai ƙafa kamar tsinken tsire, ita kuma ta ce tsohuwa mai cinye mata gyaɗa ba haƙora. Daga nan labari ya ɓarke. Ni kuwa sai in ja turmi in zauna a bayan taga, in yi kamar ina gyaran alayyafo. A haka na ji yadda suke kankaro ƙasar gishiri a garinsu da sassafe, su zuba a tukwane masu huda a gindi, su tace, su dafa har ruwan ya ƙafe. A haka na ji cewa Baba ne ya koya mata Fatiha, aya ɗaya duk ranar da ya dawo daga kasuwar Assakio da buhunan riɗi, kuma in ta yi kuskure ba ya dariya sai ya fita zaure. Amma da inuwata ta gifta a labule, sai ta katse labarin, ta ce yarinya ta je ta yi wasa.

Na fara aika tambayoyi ta bakin yarinyar. Ba a daɗe ba Inna ta gane. Na ji ta tana cewa, "Takwara, wannan tambayar ta fi ƙarfin bakinki. Wa ya ba ki aronta?" Ranar ba a ƙara labari ba.

Maigida ya ce in ajiye waya a ƙarƙashin matashinta ta ɗauki maganar. Na kai wayar har bakin ƙofa na dawo da ita. Matar da ta yi shekaru tana tsare mutuncinta a gabana, ban ga yadda zan saci muryarta in tsaya sallah da natsuwa ba. Na ce a bi a hankali, wata rana za ta sake. Har yau ban san ko daidai na yi ba.

Da damina, tana alwala, ta faɗi. Aka ce shanyewar ɓarin jiki ne. Ta rayu, amma magana ta tafi. Yanzu ni ke mata wanka, ni ke ba ta kunu da cokali, in karanta mata azkar ta bi da ido. Kunyar ta kau. Tana kallona ido cikin ido, ta riƙe hannuna da hannun da ya rage mata, leɓenta na motsi. Ina kai kunnena har bakinta, ba na jin komai sai numfashi. Wani lokaci ina ganin kamar sunana take so ta kira. Ban sani ba.

Littafin na nan, shafi kaɗan ne a rubuce: gishiri, riɗi, Fatiha. Babu yadda ta shiga Musulunci, babu abin da iyayenta suka ce da ta bi Baba, babu ko sunayensu da zan riƙa sa wa a addu'a ko in gaya wa 'ya'yana. Na aika Keana a bincika, aka ce tsofaffin gidansu sun ƙare, matasan kuwa ba su san ta ba.

Jiya na zaunar da yarinyar ina mata kitso, na lallaba ta ta faɗa mini duk abin da take tunawa. Ta kawo na gishiri, ta cakuɗa shi da tatsuniya, ta kawo wata waƙa da ta ce da yarensu Inna ce, ba ta san ma'anarta ba, rabin kalmomin ma ta manta. Na tambaye ta ko Inna ta taɓa gaya mata ranar da ta bar gidansu. Ta ɗauki kibiyar kitso tana wasa da ita.

"Ta fara, Umma. Sai ta ce sauran ba na yara ba ne, in bari in ƙara girma."