Ɗinkakkiyar Ƙwarya a Kicin Ɗin Japanawa

A ƙauyenmu, can gefen Tasawa, idan sanyi ya shigo, kakata Iya Tabawa kan hura wuta da karan dawa a bakin ɗakinta bayan an ci tuwo. Mu jikoki mu kewaye ta, hayaƙi na sa mu hawaye, amma ba mai matsawa. Ni take ce wa "mijin banza", wai ko goro ban taɓa saya mata ba.

"Ga ta nan tafe, ku ba ta wuri," in ji ta.

Mu ce, "Ta zauna mu ji ta."

Akwai wata tatsuniyarta da ta daɗe tana ɗaure mini kai. Wai wani baƙo ne ya sauka a wani gari. Aka shimfiɗa masa sabuwar tabarma, kullum a kawo masa fura a sabuwar ƙwarya. Ba a aikensa, ba a ɗaga masa murya. Ran nan sai tsohuwar gidan ta miƙo masa koko a ɗinkakkiyar ƙwarya, ta ce, "Kai, sha maza ka je ka ɗaure akuyar can, ka wani baje!" Ransa ya ɓaci, ya naɗe kayansa ya bar garin. Ashe sun riga sun yanka masa gona, wai har yau tana nan, ciyawa ta cinye ta.

Na ce, "Iya, to wa ya yi laifi?"

Ta ce, "Mijin banza, wuta ta mutu. Tashi ka kwanta."

Yanzu a ƙasar waje nake zaune, a unguwar Mount Hope, cikin Bronx. Da na gaji da tallar jakunkuna a bakin titi, ga matata Hadiza da ciki, sai wani gidan abincin Japanawa ya ɗauke ni gwaji a kicin. Idan na ci gwajin, in zauna. Idan ban ci ba, in koma titi cikin ƙanƙara.

Oga, mai gidan abincin, dattijo ne. Ranar farko na durƙusa na gaishe shi, har da ya iyali, ya gajiya. Bawan Allah ya ja da baya ya rusuna. Na ƙara rusunawa, shi ma ya ƙara, har na rasa wanda zai fara miƙewa. "Lawali-san" yake kirana, wannan "san" ɗin girmamawa ce a wurinsu. Ko cokali na miƙa masa sai ya gode. Na ce wa Hadiza, ai mutumin nan ji yake da ni.

Akwai Suman, ɗan Nepal mai gyaran kifi, wanda ya yi shekaru yana aiki a Japan. Wata rana muna fere kokwamba ya ce, "Ɗan'uwa, Oga ya taɓa yi maka tsawa?"

Na ce, "Ko sau ɗaya!"

Ya kaɗa kai irin nasu, wanda ba ka gane i ne ko a'a. Ya ce a kamfanin da ya fara aiki can, na shirya abinci a kwali, kullum godiya ake masa, ba wanda ya taɓa gyara masa kuskure. Ƙarshenta suka ba shi alewa an naɗe ta da kyau, suka rusuna, suka raka shi bakin ƙofa. A na biyun kuwa, tun farko shugabarsa ke yi masa faɗa, kuma nan ya daɗe.

Ka ji masifa! Tun daga ranar, da Oga ya ce ya gode sai in tuna da alewar Suman. In gyara aiki, godiya. In ɓata da gangan? Ba zan iya ba. Wallahi na rasa abin da zan roƙa a sallah, a yabe ni ko a zage ni.

Ana gab da ƙare gwajin, ina wanke shinkafa, Oga ya tsoma hannu a robar ya damƙo.

"Lawali!"

Ba "san". Ya kifar da shinkafar, ya hau ni da faɗa, rabi Turanci rabi yarensu. Wai ina murza ta da ƙarfi har tana karyewa. To ni haka na ga ana wanke gero a gidanmu. Gaban kowa fa, da gemuna! Zuciya ta ɗebe ni, na kai hannu baya na kwance igiyar rigar aikin. Sai Suman ya gifta da tiren kifi, ya taka mini ƙafa da ƙarfi, ya ce a hankali, "Barka."

Sai na tuna da labarin da ya ba ni. Can na mayar da igiyar na ɗaure. Oga ya ɗebo wata shinkafar, ya kama hannuna ya nuna mini yadda ake juya ta.

Da yamma Hadiza ta ce ya aiki. Na ce an wanke ni tas, kuma ina jin an ɗauke ni. Ta taɓa goshina ko zazzaɓi ne.

Ina nan a kicin ɗin har yau, kuma ba zan ce na gane su ba. Wani faɗan ban san ko na ɗan gida ba ne, ko kuwa ran Oga ne kawai a ɓace. Iya ta rasu ban sake tambayarta ba, goron ma ban kai mata ba. Amma na daina jin haushin tsohuwar cikin tatsuniyar, kuma ban ga laifin baƙon ba. Shi dai bai samu wanda zai taka masa ƙafa ba ne.