Inna Fanne da Shekarar Agana

Inna Fanne Kyari ta yi shekara talatin da ɗaya tana aikin jinya kafin ta yi ritaya. Gidanta yana unguwar Ngojin a Potiskum, katanga ɗaya ce tsakaninmu, shi ya sa na san yawancin abin da zan faɗa. Gajera ce, mai saurin tafiya, Hausarta da ɗan nauyin harshen Ngizim. Tana jin Barbarci da Karekare gwargwado, a bakin gadon marasa lafiya ta koye su.

A shekarar korona tsofaffi uku suka rasu a layinmu cikin wata guda. Ɗayansu Baba Joda ne, wanda ya saba ba ta labarin annobar agana da ya gani yana yaro. Da muka dawo daga ta'aziyya sai ta ce min, "Duk abin da ya sani ya tafi da shi. Ni kuma shekara da shekaru ina saurare, ban rubuta ko layi ɗaya ba."

Washegari ta sayo littattafan rubutu irin na 'yan firamare, ta fara bin tsofaffi gida-gida. Tambayoyinta ba su da yawa: wace cuta ce, wa ya mutu, me aka yi wa marasa lafiya, ina aka binne su. Tsofaffin ba sa ƙirga shekara da lamba. Wani zai ce shekarar fara, wata ta ce damina biyu kafin aurenta. Inna Fanne takan zauna ta gwama maganar wannan da ta wancan har lokacin ya fito. Sanƙarau da kwalara kuwa ba ta sha wahalarsu ba, domin da hannunta ta yi jinyarsu.

Wata rana ta hau mota zuwa ƙauyen kakanninta a hanyar Fika, wajen wata tsohuwa mai suna Kellu, wadda ta haura casa'in, idonta ya kusa rufewa. Bayan ta lissafa mata waɗanda agana ta kashe, sai tsohuwar ta ce, "'Yata, labarin cuta kaɗai kike so, ko har da abin da mutane suka yi?"

"Duka nake so, Iya."

Kellu ta ce a wannan shekarar wani bafatake daga Kano ya sauka a bakin ƙauyen da matarsa da 'ya'ya biyu. Mako guda bayan zuwansu cutar ta ɓulla. Mutane suka ce baƙin ne suka kawo ta. Aka taru da rana tsaka aka cinna wa bukkarsu wuta, aka doki mutumin har ya mutu, matar ma ba ta kwana ba.

"Kin san waɗanda suka yi?"

"Mutum huɗu ne a gaba. Ɗayansu kakanki ne, mahaifin Kyari."

Inna Fanne ta rubuta abin da ta ji. Ba ta tsaya a bakin mutum ɗaya ba. Ta nemi wasu tsofaffi biyu, kowa daban, ba tare da ta ambaci suna ba, kuma dukansu suka kira sunan kakanta.

Da ƙaninta Kashim ya ji labari, ya zo har gida. "Yaya, ki yage takardar nan. Mutumin ya rasu tun kafin a haife mu. Me za ki ƙara mana ban da kunya?"

"Kashim, na rubuta na kakannin wasu. In na yage namu, da wane ido zan riƙe nasu?"

Ya yi wata biyu bai taka gidanta ba.

Abin da ya tsaya mata a rai yaran nan biyu ne. Ta yi ta cigiya wajen tsofaffin 'yan kasuwa har aka nuna mata Alhaji Hussain, mai sayar da hatsi a unguwar Hausari. Mahaifiyarsa, marigayiya Ummuhani, ita ce 'yar bafataken. Inna Fanne ta same shi a zauren gidansa, ta karanta masa abin da ta rubuta, ba ta tsallake sunan kakanta ba.

Ya saurara har ta gama. Sannan ya ce, "Hajiya, ke ba ki yi mana komai ba. Amma labarinki da saura. Wata mata mai suna Yaji ta ɓoye mahaifiyata da ƙaninta a cikin rumbu kwana uku, sannan mijinta ya ɗora su a jaki ya kawo su Potiskum. Har mahaifiyata ta rasu tana yi wa matar nan addu'a. Mun nemi danginta ba mu samu ba."

Inna Fanne ta koma wajen Kellu ta tambaye ta ko ta san wata Yaji.

"Mahaifiyata ce. Ni nake kai musu ruwa a ƙoƙo."

"To, me ya hana ki faɗa min, Iya?"

"Ta ce kada mu faɗa wa kowa, kada a ƙone mu. Ba ta dawo ta ce mu faɗa ba."

Ranar Juma'ar da ta biyo baya Alhaji Hussain ya cika mota da iyalinsa, Inna Fanne na gaba tana nuna hanya. Da suka isa ya durƙusa a gaban tsohuwar, ta shafa fuskarsa ta tambaye shi ko Ummuhani ta yi tsawon rai. Ya ce ta ga jikoki goma sha ɗaya. Kellu ta rasu a daminar da ta biyo, shi ya tsaya a kan jana'izarta.

Yanzu littattafan sun kai goma sha huɗu. Kashim ya sauko, har shi ya kai ta wajen wani tsohon makiyayi da ya tuna ciwon bushiya a shanu. Ɗaliban aikin lafiya sukan zo su karanta a tsakar gidanta, amma ba ta ba da aro. A makon jiya na gan ta a bakin titi tana jiran a-daidaita-sahu, an ba ta labarin wata tsohuwar ungozoma a bayan kasuwar shanu.