Rezar Ranar Litinin

Jiya na kai jikana aski a wani shago kusa da Hubbare. Kafin mai askin ya taɓa kan yaron, sai da ya zuba wa injinsa magani ya ƙyasta masa wuta. Ƙaurin gashin nan da ya tashi shi ya tono min wani tsohon takaici, har na kasa zama.

A firamarenmu, kowace Litinin ake duba tsafta. Mu jeru cikin ranar bazara ba takalmi, ƙasa na gasa mana tafin ƙafa, malamin tsafta na bi da bulala yana duba farce da haƙora. Wanda sumarsa ta yi tsawo sai a ja shi gindin dogonyaro a aske shi. Reza ɗaya ce, ka ji ni da kyau, ita za ta bi kan mai ƙuraje ta dawo kan mai lafiya, ko a ruwa ba a tsoma ta ba. Wannan suke kira tsafta!

Ƙanena yana aji uku, yaro mai kai, shi ke koya min lissafi ko da yake na girme shi. Kakarmu kan cuɗa shi da soso da sabulun salo har ya yi kuka. Wata Litinin aka aske shi bayan wani mai kora, cutar nan ta fatar kai. Kafin damina ta sauka, kansa ya yi fari fat, gashin na zuba. Malamin nan da ya sa masa cutar shi ya fito da shi gaban asambuli, ya kankare ƙurajen har jini, ya shafa masa shuɗin magani, ya ce mu yi masa waƙar ƙazami. Yara kuwa suka ɗauka har cikin unguwa.

Kaka ta yafa mayafi ta tafi makarantar ta sami malamin.

"Malam, yaron ga da kainai sumul na aiko maka shi. Mi yay yi maka?"

Ko kallonta bai yi ba. "Inna, laihinku na, ba ku yi ma ɗiyanku wanka."

Ta dawo tana share hawaye. Ta lallashi ƙanena, ta yi masa fura, ta ce ita za ta riƙa raka shi. Ya ce ko za a yanka shi ba zai koma ba, kuma bai koma ɗin ba.

Yau kowane uba na iya saya wa ɗansa injin aski nasa, malami kuma bai isa ya taɓa kan ɗan wani ba. Na gode Allah, amma raina bai huce ba, don babu wanda ya taɓa ce wa ƙanena yi haƙuri. Yana nan kasuwa yana sayar da albasa, furfura ta cika masa gemu. Duk zafin Sakkwato, ban taɓa ganin ya cire hula a gaban mutane ba, ko a gaban 'ya'yansa.