Goyo a Kan Dutsen Tuwaik

Tun a mota hankalina yana kan ɗana, don ba ya tsayawa wuri ɗaya. Maigidana, direba a Riyad, shi ya kai mu dutsen ran Juma'a. Kafin mu hau na ciro zani na goya yaron.

"Haba Hajiya, ƙato kamar wannan?" in ji maigida, yana dariya.

Da muka kai sama sai ƙasa ta yanke, ba katanga, sai iska. Raƙuman da ke can ƙasa kamar tururuwa. Ga bawon katantanwa manne a dutse, wai da nan teku ne. Subhanallahi! Maigida ya zo ya ƙara tamke mini zanin.

In za ku je, don Allah ku goya yaranku.