Abincin da Ban Ɗanɗana Ba

Ni ɗan mahauci ne, kuma a gidanmu ba a zuba wa nama sukari. Da wannan nake so in fara, don a san ƙyamar da na yi wa abincin nan ba iyayi ba ne. Na tashi ina ganin mahaifina yana shinshina tsoka sau ɗaya ya gaya maka jiya aka yanka ko shekaranjiya. Nama a wurinmu ko a gasa shi, ko a yi balangu, ko ya shiga miya a yanka-yanka yadda haƙori zai san ya kama wani abu. Sai ga ni a Alƙahira, da gemuna, ina kwaɓa shi da sukari.

Shekarata ta biyar ke nan a garin, ina fama da kundin digiri na uku, aka bugo waya daga Gusau cewa surukata ta faɗi, ɓarin jikinta ya shanye. Matata ita kaɗai ce mace a ɗakinsu, dole ta tafi jinya. Yaranmu biyu ne, namiji mai shekara tara da autarmu mai shekara huɗu. Ta so ta tafi da autar, ni na hana. Na ce yaya za ta yi da majinyaciya, ga ƙaramar yarinya, ga zirga-zirgar asibiti? Ta dube ni ta ce, "Malam, ko shayi fa ba ka iya haɗawa ba." Na ce in dai ciyar da yara biyu ne ta tafi hankalinta kwance, amana ce na karɓa, za ta dawo ta same su lafiya lau. Har da rantsuwa na yi, ba wanda ya sa ni.

Satin farko shinkafa ta kama sau uku, taliya ta caɓe, autar ta fara ture kwano tun kafin in ajiye. Ƙaurin girkina ne ya fito da maƙwabciyarmu. A Hadayek el-Maadi muke zaune, hawa na huɗu, ƙofarta tana kallon tamu. Bahaushiyar Sudan ce, dattijuwa, yaƙi ya koro ta, kowa a benen Hajja yake ce mata. Aikin girki take yi wa wasu Amurkawa a unguwar Dokki. Ta ƙwanƙwasa, ta leƙa tukunyata, ta girgiza kai.

"Ya Malam, yaran nan za su ƙare kafin uwarsu ta dawo."

Ta koma ɗakinta ta dawo rungume da wata farar tukunyar lantarki mai murfin gilashi, wadda uwar ɗakinta ta ba ta. Maɓalli ɗaya ne a gabanta da 'yar fitila ja. Ta ce irin wadda take dahuwa a hankali ce, ba ta son a tsaya a kanta. "Ka zuba da safe, ka danna nan, ka tafi karatunka. La'asar ka dawo ka tarar ta gama. Khalas, shi ke nan."

Sannan ta koya mini abin da zan zuba. Niƙaƙƙen nama, a ɗan soya shi sama-sama da albasa, a juye a tukunyar. Har nan ban ga laifi ba. Sai ta ɗauko tumatirin kwalba mai zaƙin nan da ake kira kecof ta matse kusan rabi. Ta ƙara wani abu rawaya mai tsami, mastarda, ta tsiyaya khal, ruwan tsamin nan da ake kira binega. Daga nan ta jawo gwangwanin sukarin shayinmu ta zuba cokali uku.

Na ce, "Hajja, nama ne fa."

Ta ce, "Na sani, Malam. Sulofi jo sunansa. In Amurkawa ba sa son wahala shi suke ba 'ya'yansu. A tsaga burodi a ɗura, shi ke nan."

Ba tafarnuwa, ba citta, ba masoro, ko barkono ɗaya babu. Da la'asar na buɗe murfin, tururin ya doki fuskata, sai da na ja da baya. Wari ne mai tsami-tsami da zaƙi-zaƙi a haɗe, irin wanda yake tsaya wa mutum a maƙogwaro. Abin kuma ja ne, caɓal, mai yana yawo a kansa, kamar wani ya tauna ya maido. Na tsaga dogon burodin nan da suke kira fino na ɗura musu ina kau da kai, ina jiran su ture in je in ba Hajja haƙuri.

Wallahi rububinsa suka yi. Babban ya ci biyu ya nemi na uku. Autar ta riƙe nata da hannu biyu, burodin ya jiƙe ya yage, jan ruwan yana gangaro mata daga haɓa zuwa gwiwar hannu, tana lashewa. Na tsaya ina kallonsu, ina cewa a raina jikokin mahauci ne fa waɗannan.

To amma ya raba ni da wahala, wannan ba zan musa ba. Bayan asuba in soya nama, in juye, in toshe hanci in zuba sukari, in danna maɓalli. In kai babban makarantar hadda, tunda hutun zafi ne, in sauke autar a hadana, wato gidan renon yara, in kama metro zuwa laburare. Sau huɗu a sati muke yin sa, wani satin biyar. Warin ya kama labule, ya kama littattafaina, ya kama rigar da nake zuwa masallaci da ita. Farar jallabiyar yaron nan ta yi jan tabo a ƙirji wanda sabulu ya gagara fitarwa. Wanke tukunyar kuwa ya fi komai ci mini rai, jan mai ya daskare a gefe, ya shiga ƙarƙashin farce.

Ni kuma ban taɓa kai shi bakina ba, ko gishirinsa ban taɓa ji ba. Da cokali nake aunawa yadda Hajja ta nuna, in rufe. A hanyar dawowa akwai mai keken ful kusa da tashar metro, a nan nake tsayawa in ci waken nan da man zaitun da albasa, in sha ruwa, in goge baki, sannan in je in ɗauko yara. In babban ya ce, "Baba, ba za ka ci ba?" sai in ce na ƙoshi. Idan uwarsu ta kira ta bidiyo ta ga kumatunsu sun ciko, takan yi dariya ta ce, "Malam, ashe ka iya." Ni kuwa in gyara zama in ce ai na gaya mata.

A lokacin ana ɗauke wuta a unguwarmu kusan kullum, awa biyu, wani lokaci uku. Misirawa suna ta ƙorafi, ni ina yi musu dariya, mu da muka taso wuta baƙuwa ce a gidajenmu. Da yamma aka saba ɗaukewa, bayan abinci ya riga ya dahu, saboda haka ban taɓa damuwa ba. Abin da ban sani ba shi ne, tukunyar nan in wuta ta tafi ta dawo ba ta tashi da kanta, sai an sake danna mata maɓalli.

Ran nan wata Talata, sati na biyar da tafiyar matata, aka ɗauke wutar da safe. Daga baya mai gadin benen ya ce mini ko kwanar titi ban kai ba ta tafi. Naman ya wuni a rufe cikin ɗakin girkin da rana take duka tun hantsi, a zafin da ko ƙarfen ƙofa ba ya taɓuwa.

Muka dawo da la'asar, na ga fitilar a kashe. Na taɓa jikin tukunyar, ɗumi ne kawai irin na ɗaki. Na buɗe. Akwai 'yar kumfa a gefe-gefe, warin kuma ya fi na kullum kauri. Hancina ya gaya mini gaskiya, ba zan yi masa ƙarya ba. Amma sai na ce masa ai abin nan kullum wari yake yi mini, ga khal, ga mastarda, ta ina zan bambance? Cokali yana nan a hannuna. Da na ɗiga a harshena ko sau ɗaya da magana ta ƙare, amma ƙyama ta hana ni. Yara suna kukan yunwa, ni kuma cikina cike da ful. Na danna maɓalli, na jira kamar minti ashirin ya ɗan yi zafi, na ɗura a burodi.

Babban ya gutsura sau biyu ya tsaya. "Baba, na yau daban ne. Yana cizon harshe."

Na ce, "Yalla, ci ka tashi. Kullum kuna wawarsa, yau ne za ka yi mini tsirfa?"

Ya tura rabi da ƙyar ya ajiye sauran. Autar ba ta san wani bambanci ba. Da hannuna na gutsuttsura mata nata ina ba ta a baki don kada ta ɓata riga, da ta cinye na ɗauki ragowar yayanta na ƙara mata, wai kada a yi asara.

Kafin magariba babban ya yi amai sau biyu, ya kwanta, nasa ya tsaya a nan. Autar kuwa ta fara ba ta daina ba. Amai ja a kan tabarma, a kan kafaɗata, a bakin banɗaki, ga gudawa tana bi. Warin abincin nan ne dai yake dawowa daga cikinta, ya cika gidan. Tun tana kuka har ta daina, idanunta suka faɗa, wuyanta ya saki. Na fita a guje na buga ƙofar Hajja, dawowarta ke nan daga Dokki ko mayafi ba ta cire ba. Ta wuce ni ta shiga ɗakin girki, ta buɗe tukunyar, ta dangwala da ɗan yatsa ta taɓa harshe, ta tofar a wurin wanke-wanke. Ta saɓi yarinyar a kafaɗa ta ce in tare mana tasi.

A asibiti sai da aka soke ta sau uku kafin a sami jijiya a hannunta, aka sa mata ƙarin ruwa. Likitar ta tambayi wa da wa suka ci abincin, na ce yara biyu. Ta ce ni fa, na ce ban ci ba. Ta rubuta, ta ce ma'alish, wato in yi haƙuri, in sha Allah za ta warware, amma sai an riƙe ta kwana biyu.

Washegari da safe na kira matata. Na yi ta kewaye-kewaye, na ɗora wa wuta laifi, na ɗora wa zafi, na ɗora wa tukunya, har Amurkawa da abincinsu ban bari ba. Ta saurara har na gama, ba ta ɗaga murya ba.

Ta ce, "Malam, kafin ka ba su, ka ɗanɗana?"

Na ce ban ɗanɗana ba.

"Jiya kawai, ko dai?"

Na ce ban taɓa ba.

Ina jin muryar mahaifiyarta tana kiranta daga can ciki. Sannan ta ce, "Sati nawa ke nan kana ba 'ya'yana abin da kai ba za ka iya sawa a bakinka ba." Ta ce in miƙa wa Hajja wayar, da yake tana tare da mu a asibitin. Daga ranar har ta dawo, Hajja take kira in tana son jin lafiyar yara, ni sai gaisuwa.

Na koma gida na juye sauran naman a leda na kai bola. Kyanwowin titinmu, waɗanda ba abin da suke bari, suka zo suka shinshina suka watse. Na hau sama na wanke tukunyar sau uku, na goge tabarma, na jiƙa riguna. Duk ƙyamar da na yi wata guda ina yi wa abincin nan ba ta kai wadda na ji game da kaina a bakin famfon nan ba. Na mayar wa Hajja kayanta, ta karɓa ta ce, "Tukunya ba ta da laifi, Malam." Na ce na sani.

Ranar da aka sallamo autar, Hajja ta dafa mata farar shinkafa mai laushi da ɗan nono. Na zaunar da ita a cinyata, ta rame, filasta tana manne a bayan hannunta. Yayanta yana gefe yana kallonmu, sai ya ce mata, ba da wata mugunta ba, "Kin san me ya sa Baba bai yi amai ba? Don shi bai ci ba."

Na ɗebo cokali na kai bakinta. Ta datse leɓe. Na lallashe ta, na ce na Hajja ne, mai daɗi ne. Sai ta sa ɗan hannun nan mai filasta ta tura cokalin zuwa bakina.

"Kai ka fara."

Na ci. Ta zuba wa maƙogwarona ido har na haɗiye, sannan ta buɗe baki. Cokali na biyu ma sai da na fara, haka na uku, har muka gama kwanon tare. Na ɗauka abin kwana biyu ne zai wuce. Yanzu ta shiga makaranta, ta manta asibitin, ta ma manta sunan abincin. In uwarta ta miƙa mata abu takan karɓa ta kai baki ba tare da ta duba ba. Ni kuwa ko dabino na ba ta, sai ta riƙe shi a hannu tana kallona har in ɗauki ɗaya in gutsura.