Ranar da aka sa ni tafinta tsakanin Madam da 'yar farina

Har gobe ba na mantawa da ranar da Madam Odil, malamar aji, ta aiko a kira ni daga madafa, hannuna duk manja, wai in zo in yi mata tafinta. Tunda an ce kowace tsohuwar ma'aikaciya ta ba sababbin da suka shigo bana labari ɗaya na aikin nan, ni wannan ne nawa.

Ga waɗanda ba su san tsarinmu ba, mu ne matan kantin, wato masu dafa wa 'yan lakwal, 'yan makarantar boko ke nan, abincin rana. Lakwal ɗinmu ta gwamnati ce, a Ganou, cikin Parakou. Kafin a ɗauki mace sai ta je likita an duba lafiyarta. Da safe direkta, shugaban lakwal, yakan buɗe magaza, ɗakin ajiya, a auna mana shinkafa da wake da mai da gishiri daidai da yaran da suka zo ranar. Shugabarmu Bake, Babarba ce mai baki kamar reza, ita ke raba aiki, wannan wuta, wannan ruwa, wannan wanke kwanoni. Da rana ta take, yara su wanke hannu su yi layi aji aji, ƙanana a gaba. Ajin farko shi ne CI, sai CP, sannan CE1. Daga CI kowa yakan wuce, amma a ƙarshen CP yaron da bai iya karatu ba ana iya cewa ya maimaita.

A wurin aiki Maman Sani ake kirana, kuma kowa ya ɗauka Sani ne babba. Ba shi ba ne. Ina da 'yar fari, kuma a gidanmu uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta zama hira da shi, ba ta nuna shi a gaban mutane ta ce wannan nawa ne. Haka uwata ta yi da yayana, haka na tashi na gani. Da aka yaye yarinyar, Inna, uwar maigidana, ta ɗauke ta zuwa Djougou. Can ta girma, can ta yi CI, Inna take kira uwa, ni kuwa Anti. Sai da idon Inna ya fara ba ta wahala aka dawo mana da ita, aka sa ta CP a lakwal ɗin da nake aiki.

Ni mutum ce mai yawan zullumi, abu kaɗan ke hana ni cin abinci. Kullum ina zuba wa yara shinkafa ina satar kallonta a layi. Na lura ita ke zuwa ƙarshe, ta miƙa kwano kanta a ƙasa, ta koma gindin mangwaro ta ci ita kaɗai. Na kuma lura in tana jiran wanke hannu, leɓenta na motsi tana kallon rubutun da ke jikin buhunan shinkafa. Ban taɓa tambayarta ba. A gida ma magana tsakaninmu ba ta wuce ɗauko wancan, kai wannan.

Da sakamakon kompozisiyon, wato jarrabawa, na farko ya fito ba kyau, babanta ya duba takardar ya ninke ta. Shi ba mai faɗa ba ne, kayan babur yake sayarwa, kuma lissafinsa a miƙe yake. Ya ce in har aka ce ta maimaita aji, to boko bai karɓe ta ba, gara ta koma Djougou wurin ƙanwarsa ta koyi saye da sayarwa tun da wuri, ta kuma riƙa yi wa Inna jagora. Na ce to. Me zan ce? Matar da ba ta faɗin sunan 'yarta ba za ta tsaya gardama a kanta ba. Amma tun daga ranar na daina cin abincin kirki. An raba mu tana jaririya, yanzu da na fara sanin irin tafiyarta da yadda take riƙe cokali, za a sake ɗauke ta.

Madam Odil, mai ajin CP, daga kudu aka turo ta a shekarar. Ba ta jin Hausa, ba ta jin Dendi, Faransanci da yarensu kawai. Ni a CE1 na bar lakwal, amma zaman kasuwa ya ba ni Faransancin da zan yi ciniki in yi faɗa. Shi ya sa ranar nan, wajen watan Fabrairu, da ta nemi mai jin Hausa, Bake ta tura ni. Ta ce in je, wataƙila a ba ni alli in zama metires, wato malama, su huta da gishirina.

Na shiga aji na tarar an fita da yara duka, saura ɗaya a tsaye gaban tebur. 'Yar farina ce.

Madam ta ce in yi haƙuri ta raba ni da aiki. Ta ce yarinyar nan tana damunta. In aka ce a rubuta a allon hannu, takan rubuta daidai, wani lokaci ta riga kowa. In aka ce ta tashi ta karanta, sai ta zama gunki. Ta aika a kira iyayenta har ta gaji, ba wanda ya zo. Tana zaton ko riƙo aka kawo ta, ana sa ta aiki a gida ba mai kula da ita. Tana so in tambaye ta a hankali, da harshen da za ta sake.

Na kalli bango na ce Madam na tambaya wa ke jin karatunta a gida. Yarinyar ta ce ba kowa. Madam ta ce in tambaye ta ko ana dukanta. Ta girgiza kai. Ko tana cin abinci? Tana ci. To ina uwarta? Ta ce Inna tana Djougou. Na fassara, ina fatan a tsaya nan. Madam ba ta tsaya ba. Ta ce Innar nan ita ta haife ta, ko kaka ce? In tambaye ta wadda ta haife ta tana raye?

Na tambaya. Yarinyar ta ɗago kai ta dube ni cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba, ta ce a hankali, "Anti, in faɗa mata?"

Madam tana jira in fassara. Na rasa inda zan sa hannuna, na goge shi a jikin atamfa, na ce mata da Faransanci, "Ni ce, Madam."

Ta sallami yarinyar ta je ta ci abinci. Sannan ta zauna ta dube ni kamar yau ta fara ganina. Ranta ya ɓaci, ba ta ɓoye ba. Ta ce wata da watanni tana neman uwar yarinya, ashe uwar na bayan tagarta tana hura wuta. Ta tambaye ni ko ba na son yarinyar ne. Wannan tambayar ce ta sa hawaye ya zubo mini. Na yi mata bayani da guntun Faransancina, inda ya ƙare na cika da hannu. Na ce kunya ce, girmamawa ce ga iyayen miji da nawa iyayen, ba ƙi ba ne. Na ce saƙonta bai taɓa iso gare ni ba, don yarinyar ba ta san yadda za ta tsaya gabana ta faɗa ba. Na kuma gaya mata maganar Djougou.

Ta ce ita ba ta zo ta canza mana al'ada ba. Amma yaron da ba ya jin muryarsa tana karatu a gida, ba zai iya fitar da ita gaban yara cike da aji ba. Ba ta ce in koya mata komai ba, wannan aikinta ne. Abin da take so, kullum bayan an tashi yarinyar ta karanta shafin ranar da ƙarfi, wani babba yana saurare, in ta gama ta faɗa da Hausa abin da shafin ya ce. Na ce ni karatuna ya gudu. Ta ce kunne take nema, ba ido ba. Ita kuma za ta daina tsayar da ita gaban allo, za ta riƙa zuwa bencinta ta saurare ta, har ta saba.

Na amsa da to, amma na dawo madafa ban san ta inda zan fara ba. Gidanmu na haya ne, tsakar gida ɗaya da wasu 'yan Djougou da suka san Inna. In suka gan ni na shimfiɗa tabarma ni da 'yar farina muna fuskantar juna, kafin magariba labari ya kai can. Na gwada sau ɗaya cikin ɗaki. Na zauna, ta zauna, littafi a tsakani, ni ina kallon ƙofa ita tana kallon ƙafarta, har Sani ya shigo da kuka muka samu hanyar tashi.

Ranar Asabar na roƙi babanta na shiga mota zuwa Djougou, wai zan kai wa Inna maganin ido. Na same ta tana ɓare gyaɗa da lalube. Na yi ta kewaye-kewaye, ta ce in bar zagaye gida in shigo ta ƙofa. Da na gama, ta yi dariya har da tari. Ta ce ita da ta haifi maigidana, ɗan farinta, ba ta taɓa kiran sunansa ba har yau, amma wa nake tsammani yake cire masa ƙaya a ƙafa?

"Ke Hajara," in ji ta, "an hana ki kiran suna. Wa ya hana ki yi mata kitso?"

Ta ce kuma ita ba ta neman jagora, ta san hanyar bayan gidanta, kada a fake da ita.

Litinin bayan la'asar na ɗauko mashaci da man kaɗe, na zauna bakin ƙofa, na ce wa iska kan wasu ya tsufa. Ta zo ta zauna tsakanin gwiwoyina ta ba ni baya. Na ce wa iska kuma, mai zaman kitso ba ya rasa abin riƙewa a hannu. Ta tashi ta ɗauko littafin. Da farko ko ni da ke bayanta ba na ji. Na tsefe layi biyu kawai, na kitsa su a hankali kamar mai jin ciwon hannu. Kafin in gama na biyu muryar ta fito. In ta yi tuntuɓe sai in ɗan tsaya da mashaci, ta gane ta sake. Da ta kai ƙarshe na ce wai me mutanen littafin nan suke cewa ne, ta ce wani yaro ne akuyarsa ta shiga gonar maƙwabci. Na ce Allah ya kyauta, wa zai biya ɓarnar? Ta yi dariya. Ban taɓa jin dariyarta kusa haka ba.

Haka muka riƙa yi kullum, layi biyu a tsefe, layi biyu a kitse. Maƙwabta suna wucewa suna yi mana sannu da aiki, ba wanda ya ga abin magana, uwa ce ke gyara kan 'yarta. Bake kaɗai ta gano. Ta ce kan yarinyar nan ya fi titin Tourou shan gyara, in ban yi hankali ba za ta shiga CE1 da sanƙo. Ni ma ina leƙen shafin ta saman kanta, haruffan da na bari tun ina ƙarama suka fara dawowa suna gaishe ni.

Ba a rana ɗaya abin ya gyaru ba. Akwai makon da zazzaɓi ya kwantar da ita, da ta tashi kamar an share komai, na koma rashin cin abinci. Madam ta tare ni wajen randa ta ce in kwantar da hankali, haka yara suke. Ta fara haɗa ta da wata yarinya su karanta tare, daga baya ta ce ta karanta wa bencinsu kawai. Wata rana ina kwashe shinkafa na ji muryarta ta taga tana karatu ita kaɗai, aji ya yi tsit. Ban ɗaga kai ba. Bake ta karɓe ludayin daga hannuna, ta ce in je in duba wutar da ba ta buƙatar dubawa.

Babanta ya taɓa dawowa da wuri ya same mu. Ya tsaya a zaure da babur bai kashe ba, sannan ya kashe, ya saurara har ta gama, ya shiga ɗaki. Da aka ba da sakamakon ƙarshen shekara ta wuce CE1. Ba ta zo ta ɗaya ba, tana tsakiya, kuma ni tsakiyar nan ta ishe ni. Ya duba takardar ya ce a saya mata kaki, rigar lakwal, mai ɗan girma, wanda zai kai ta shekara biyu. Maganar Djougou ba ta sake tashi ba.

Abin da na koya a aikin nan shi ne, malami yana ganin rabin yaro, gida yana ganin rabi, kuma sau da yawa ba mugunta ke hana su haɗuwa ba, kowa yana kiyaye abin da aka koya masa ne. Madam Odil da ta yi fushi ta tsaya nan, ko ta ce sai na bi tata hanyar, da yanzu yarinyar tana auna gishiri a kasuwar Djougou. Mu kuma masu ludayi muna tsaye daidai tsakani, muna ganin wanda ke zuwa ƙarshen layi da wanda ke ci shi kaɗai. Ku da kuka shigo bana, in kuna da yaro a lakwal ɗin nan, ku je ku gaya wa mai ajinsa cewa naku ne tun makon farko. Wadda bakinta ba zai iya ba, kada ta zauna da abin a ciki kamar yadda ya kusa cinye ni. Ta zo ta same ni wajen wanke kwanoni ta nuna mini shi da baki, ni zan je in faɗa.